Ɗan Hayan da Ke Dukan Iyalinsa: Aikin da Ya Hau Kan Masu Kula da Gidaje a Kaduna

Cin zarafi a cikin gida laifi ne da ake aikatawa a bayan ƙofa, kuma a birni irin Kaduna sau da yawa ƙofar ba mallakin mai laifin ba ce. Tun daga 1917, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, garin ya tashi a matsayin mazaunin ma'aikata, sojoji, 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen da aiki ya kawo su kuma aiki ya ba su wurin kwana. Har yau a arewacin kogin Kaduna akwai gidajen lokos na Malali da Unguwar Rimi, da rukunin gidajen Marafa, da kwatas na makarantu da asibitoci, da barikokin sojoji da na 'yan sanda, da kadarorin kamfanoni irin su KSDPC na jihar da NNDC na jihohin Arewa. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, wadda ta hau mulki a 2015, ta sayar da gidajen gwamnati masu yawa, wasunsu kuma suka koma gidajen haya a hannun waɗanda suka saya. Ban da waɗannan akwai gidajen haya na ɗaki da falo a Kawo, Badarawa, Unguwar Shanu, Hayin Banki, Tudun Wada da Rigasa, inda iyali biyar ko goma ke tarayya a tsakar gida ɗaya.

Kowane irin gida a cikin waɗannan yana da mai kula da shi: jami'in gidaje na ma'aikata, manajan rukunin gidaje, ejan mai karɓar kuɗin haya, ko tsohon ɗan haya da mamallaki ya wakilta. Su ne ake kai wa ƙorafin hayaniya, su ne ke aika kafinta idan ƙofa ta karye, su ne ke riƙe da takardar da ke nuna wanda gida yake hannunsa. Saboda haka labarin duka yakan iso musu kafin ya isa caji ofis ko kotu, kuma matakin da suka ɗauka yana iya tsare rai ko ya jefa shi cikin haɗari.

Abin da ake nufi da cin zarafi a gida

Duka shi ne nau'in da aka fi gani, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai barazanar kisa, kulle mutum a ɗaki, hana abinci da magani, ƙwace waya ko jarin sana'a, zagi da wulaƙanci na yau da gobe, tilasta kwanciya, da korar mace da tsakar dare. Abin da ya haɗa su duka shi ne mutum ɗaya yana mallake ɗaya ta hanyar tsoro. Wannan ne ya raba shi da saɓanin da ake cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. A saɓani kowa yana iya faɗin ransa. A cin zarafi ɗaya ne ke auna kowace kalma kafin ta fito.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15. A cikin matan da suka taɓa yin aure, kashi 36 sun ce miji ya taɓa cutar da su a jiki, ko ta wajen kwanciya, ko ta muzantawa. Kashi 55 na waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Mafi yawan masu aikatawa maza ne, shi ya sa bayanin nan ya fi ambaton miji da mata. Amma akwai matan da ke cutar da mazajensu, da kishiyar da ke azabtar da 'ya'yan miji, da uwargidan da ke gallaza wa 'yar aiki, da ɗan da ke dukan tsohuwarsa idan ya sha ƙwaya. Ƙa'idojin aiki iri ɗaya ne a kansu duka.

Alamun da ke zuwa ofis

Ba kasafai mace ke zuwa ofishin gidaje ta ce mijinta yana dukanta ba. Alamun sukan zo ne a matsayin ƙorafin gyara. Ƙofar ɗakin kwana ko ta banɗaki da aka ɓalle sakatarta daga waje, har katakon ya tsage a daidai tsayin ƙafa, tana nuna wani ya ɓuya a ciki wani kuma ya tokare ta. Gilashin taga da ke fashewa sau biyu ko uku a shekara, kwaɗon da aka maƙala a ƙofa ta waje alhali akwai mutane a ciki, ramin naushi a silin ko a ƙofar kwaba, duk abubuwa ne da kafinta da mai gyaran famfo ke gani da idonsu. Idan ofis bai koya musu su faɗa ba, sai su gyara su tafi.

Wasu alamun daga maƙwabta suke zuwa: ihu da kukan yara da tsakar dare, rediyo da ake ƙure wa murya a duk lokacin da maigida ya dawo, matar da ta daina fitowa shanya ko zuwa Islamiyya, yawan yaji da biko. Bashin haya ma yana iya zama alama, inda miji ke karɓe kuɗin da mace ta tara. Babu ɗaya daga cikinsu da ta isa hujja ita kaɗai. Amfaninsu shi ne su sa jami'i ya buɗe ido, ya rubuta abin da aka gani da ranarsa.

Kurakurai biyu da aka saba yi

Na farko shi ne shiru. Ana cewa tsakanin miji da mata sai Allah, kuma jami'i yana ganin aikinsa gini ne da kuɗin haya, ba zaman aure ba. Mai duka yana karanta wannan shiru a matsayin izini. Mutuwar mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu a Abuja a watan Afrilun 2022, da hukuncin kisa da kotu ta yanke wa mijinta a 2025, sun tuna wa ƙasa cewa mutane da yawa sukan san abin da ke faruwa shekara da shekaru kafin a kai ga makara.

Na biyu shi ne notis. Maƙwabta sun gaji da hayaniya, sai a ba gidan gaba ɗaya takardar tashi. A idon ofis an yi maganin fitina, amma matar da aka doka ita ce ta rasa matsuguni, yara sun rasa makaranta, an raba ta da maƙwabtan da ke jin ihunta, kuma mijin zai ɗora mata laifin korar. Sauran matan rukunin su ma sun ɗauki darasi: wadda ta yi ƙara za ta kwana a titi. Don haka ƙa'idar farko ita ce a ɗauki lamarin a matsayin haɗari ga rai, ba hayaniya ba, kuma nauyin sakamako ya faɗa kan wanda ya aikata.

Abin da doka ta tanada

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Ta tarayya a Abuja take aiki, sai kowace jiha ta yi tata, kuma Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, shekarar da ta kafa dokar kare yara da walwalarsu. A dokar tarayya, dukan abokin aure yana jawo ɗauri har shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi, ko hana shi shiga, yana jawo ɗauri har shekara 2 ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma hukunta watsi da iyali ba ci ba sha, da muzantawa, da tauye dukiya. Dokar jiha ta bi wannan tsari. Wannan babban sauyi ne daga tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, wadda sashe na 55 nata ya bar wa miji kafar abin da ta kira ladabtar da mata.

Abin da ya fi shafar masu kula da gidaje a dokar VAPP shi ne umarnin kariya. Kotu tana iya hana wanda ake ƙara kusantar mai ƙara, ko shiga gidan da suke zaune tare, ko wani ɓangare nasa. Wanda aka cutar yana iya nema da kansa, ko ɗan sanda, ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a ya nema masa da yardarsa. Wannan ita ce hanyar halal ta fitar da mai duka a bar iyali a ciki.

Kotunan shari'ar Musulunci, irin ta Magajin Gari, suna da nasu tanadin. A mazhabar Malikiyya matar da miji ke cutarwa tana da haƙƙin neman alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, idan cutarwar ta tabbata. Littafin Tuhfa na Ibnu Asim, wanda alƙalan Arewa ke aiki da shi, ya nuna cewa cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya yaɗu tsakanin jama'a. Malaman mazhabar sun kuma ce idan mace ta yi ta kawo ƙara babu hujja, alƙali yana iya zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki domin a gane mai zalunci. Ke nan fiƙihu ya daɗe da sanin cewa maƙwabta da matsuguni suna da hannu wajen tsare mace. Matsuguni haƙƙinta ne a kan miji, kuma farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Ga iyalan Kirista da waɗanda suka yi auren gargajiya akwai kotun majistare, kotun gargajiya da babbar kotu.

Matakin farko: wadda aka cutar

Kafin a ce wa mijin uffan, sai an ji daga matar, ita kaɗai, a lokacin da ba ya nan. A gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, ma'aikaciya mace ce ya kamata ta je, da wani dalili na yau da kullum kamar duba famfo ko yoyon rufi. Tambaya mai sauƙi ta isa: "Maman yara, wannan ne karo na uku da aka gyara ƙofar nan. Lafiya kuke zaune? Akwai wanda kike jin tsoro a gidan nan?" Idan ta ce lafiya lau, ba a matsa mata, a nuna mata inda za ta samu ofis idan ta buƙata. Ba a aika mata saƙo a wayar da mijin ke dubawa, ba a sa yaro ya zama ɗan aike.

Idan ta yi magana, akwai abubuwan da ke nuna rai yana cikin haɗari: ya taɓa shaƙe ta, ya yi barazanar kashe ta ko kashe kansa, yana da bindiga ko ya taɓa zaro wuƙa, ya doke ta tana da ciki, dukan yana ƙaruwa, ko kuma tana shirin barin sa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau 7. Masu aiki a wannan fanni sun kuma tabbatar cewa lokacin rabuwa da watannin da ke biye su ne mafi haɗari, domin a lokacin ne mai mallaka ke ganin abin yana kuɓuce masa.

Idan ana cikin duka ko an ji rauni, babu jira: a kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112, a kai ta asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. A arewacin kogi akwai cibiyar Salama a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka kafa domin waɗanda aka yi wa fyaɗe da sauran cin zarafi, inda ake samun magani, shawara da hanyar zuwa ga hukuma. Akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, da ma'aikatar jiha mai kula da mata da walwalar jama'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar ba da taimakon lauya kyauta, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Aikin jami'in gidaje shi ne ya san waɗannan wurare tun kafin rana ta ɓaci. In ban da inda rai ko yaro ke cikin haɗari, ba a ɗaukar mataki sai da saninta da yardarta, domin ita ta fi kowa sanin abin da ke tunzura shi.

Yadda ake magana da mai laifin

Ofisoshi da yawa sukan guje wa mijin gaba ɗaya, su bar duk nauyin a kan matar: ta gudu, ta ɓuya, ta kai ƙara. Yin magana da shi yana da amfani idan an shirya, domin yana nuna masa cewa an gani kuma akwai sakamako. Ana kiran sa ofis, ba a zuwa gidansa, kuma ma'aikata biyu ne ke zama da shi. Ana sanar da matar ranar da za a yi zaman domin ta shirya inda za ta kasance. Ba a haɗa su wuri ɗaya a ce kowa ya faɗi nasa, domin duk abin da ta faɗa a gabansa za ta biya shi da dare.

Hujjar da ake kawo masa ita ce wadda ofis ya mallaka da kansa, ba maganar matar ba, kuma ba a ambaton maƙwabcin da ya kawo rahoto. Misali: "Malam, littafin gyara ya nuna an ɓalle ƙofar ɗakinka sau uku cikin wata shida, masu gadi kuma sun rubuta ihu daga gidanka da tsakar dare. Yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta hana cutar da kowa a gidan nan, har da iyalinka. Abin da ke faruwa laifi ne a dokar jiha." Ana magana da girmamawa, murya a ƙasa, ba zagi ba tozarci a gaban jama'a, saboda wanda aka kunyata a ofis yakan huce a gida.

Amsoshin da ake samu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani zai musa, wani zai ce mari ɗaya ne, wani zai ce bakinta ne ya jawo, ko matsin rayuwa, ko sharrin Shaiɗan, ko asiri aka yi masa. Wani zai ce iyalinsa ne, babu ruwan kowa. Wani kuma mutum ne mai fara'a da kyauta, na sahun gaba a masallaci ko coci, har jami'i ya fara shakkar abin da ya gani. Haɗarin da ke nan shi ne a taya shi ba a sani ba, da kalma irin "ai mata sai haƙuri" ko gyaɗa kai. Jami'i ba ya shiga muhawarar wa ya fara. Yana komawa kan magana ɗaya: ko me aka yi masa, hannunsa a ƙarƙashin ikonsa yake, kuma mutumin da ba ya marin shugabansa a wurin aiki idan ya fusata yana iya kame kansa a gida. Ana rufe zaman da faɗa masa matakin da zai biyo baya da inda zai nemi taimako, sannan a bincika lafiyar matar a kwanakin da suka biyo.

Matakan da ke hannun ofis

Na farko shi ne yarjejeniyar haya ko takardar rabon gida. Ya kamata ta ƙunshi sharaɗi a fili cewa cutar da wani mazaunin gidan saɓa yarjejeniya ne, a karanta wa kowane sabon ɗan haya da Hausa ko harshen da yake ji. Daga nan sai gargaɗi a rubuce, da ɗora kuɗin gyaran ɓarna a kan wanda ya yi ta, ba a kan iyali ba. A kwatas da bariki akwai ƙarin hanya, domin gidan yana tare da aiki: ana iya kai rahoto ga sashen ladabtarwa, kuma idan mai laifin yana riƙe da makamin aiki, sanar da shugabanninsa wajibi ne.

Fitar da mutum daga gida kuwa aikin kotu ne. A dokokin haya na yawancin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta ce wani abu dabam ba, ɗan hayan shekara yana da notis na wata 6, na wata-wata yana da wata 1, sannan notis na kwana 7, sannan a je gaban alƙali. Cire rufi, sauya kwaɗo ko watso kaya waje saɓa doka ne ko da ɗan hayan mai laifi ne. Hanyar da ta fi sauri ita ce umarnin kariya. Da zarar kotu ta bayar, ofis yana iya sauya makulli, ya ƙara sakata da fitilar waje, ya sanar da masu gadi, ya kira 'yan sanda idan aka karya umarnin.

Babbar matsalar Kaduna ita ce sunan da ke kan takarda. Kusan kullum na miji ne, domin shi ke biyan haya ko shi ne ma'aikacin da aka ba gida. Idan ya tafi, matar ba ta da tsayayyen haƙƙi a idon ofis. Wasu ƙasashe sun gyara wannan da doka. A Amurka, gyaran da aka yi wa dokar hana cin zarafin mata a 2005 da 2013 ya hana korar wadda aka cutar daga gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafawa saboda laifin da aka yi mata, ya kuma ba da damar raba yarjejeniya a cire mai laifi a bar sauran. Sikotlan ta yi doka a 2021 da ta tanadi cewa hukumar gidajen jama'a tana iya neman kotu ta karɓe haya daga mai cin zarafi a mayar wa wadda ya cutar. A Ingila an kafa haɗakar DAHA a 2014 domin horar da hukumomin gidaje da tantance aikinsu a wannan fanni. Ko babu irin wannan doka, mamallaki a Kaduna yana iya rubuta sunan miji da mata a yarjejeniya tun farko, ko ya ba matar sabuwar yarjejeniya idan tana da sana'a ko danginta za su biya, ko ya ba ta wa'adi har yara su gama zangon karatu, ko ya sauya mata gida a wani rukuni ba tare da an faɗa wa mijin ba.

Sulhu da iyakarsa

A ƙasar Hausa hanyar da aka sani ita ce a kira waliyyai, mai unguwa, liman ko fasto. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka. Wannan hanya tana da ƙarfin da takardar ofis ba ta da shi, domin mutum yakan ji kunyar kawunsa ko limaminsa fiye da jami'i. Kaduna kuma cibiya ce ta ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, akwai kuma FOMWAN da ƙungiyoyin matan coci, waɗanda ke da masu iya nasiha.

Sulhu yana lalacewa ne idan ya zama biko kawai, aka ce wa mace ta yi haƙuri ta koma, aka ce wa miji a dai riƙa sassautawa. Sulhun da zai yi amfani yana da sharuɗa: matar ta yarda da shi ba tilas, an ji ta ita kaɗai tukuna, tana da nata wakili mai faɗa a ji, mijin ya amsa laifinsa da bakinsa, an rubuta abin da zai faru idan ya sake, kuma akwai wanda zai riƙa bibiya. Inda aka samu shaƙewa, makami, karaya, fyaɗe ko cutar da yaro, lamarin ya wuce zauren mai unguwa. Ko an yi sulhu, rahoton ofis yana nan ba a yage shi.

Inda mai laifin zai koma

Wanda aka fitar bai da wurin kwana yakan dawo ƙofar da aka kore shi, da kuka ko da barazana, kuma tausayi ko matsin dangi yakan sa a buɗe masa. Saboda haka tunanin inda zai zauna ɓangare ne na tsaron matar. A bariki ko kwatas ana iya mayar da shi ɗakin gwauraye nesa da iyalin. A gari danginsa su karɓe shi. Haƙƙin ciyar da yara yana nan a kansa, kuma ganinsu ya kasance a gidan wani babba, ba a ƙofar matar ba.

Inda akwai shaye-shaye, irin su Tramadol ko maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018, ko giya, ana tura shi hukumar NDLEA ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a ƙetaren kogi. Ƙwaya tana ƙara munin duka, amma barinta kaɗai ba ya gyara halin mallaka. Alamar canji ita ce watanni su wuce ba tsoro a gidan, kuma matar ce za ta faɗi haka, ba shi ba.

Rubutu, sirri da tsaron ma'aikata

Duk abin da aka gani a rubuta shi a ranar: kwanan wata, lokaci, wanda ya gani, hoton ɓarna, da kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su, ba tare da ra'ayin jami'i ba. Irin wannan littafi ne ke zama hujja a gaban majistare ko alƙali. Fayil ɗin matar yana zama dabam da na mijin, a kulle, kuma mutum ɗaya ko biyu ne ke ganinsa. A rukunin da kowa ya san kowa, magana ɗaya a wurin mai shayi ta isa ta kai masa labarin inda ta koma.

Ma'aikatan su ma suna buƙatar kariya. Ba a tura mutum ɗaya gidan da aka san akwai haɗari, mai gadi ba ya shiga raba faɗan da aka zaro makami, kuma duk barazanar da aka yi wa ma'aikaci ana kai ta caji ofis. Idan wanda ake zargi babba ne a ma'aikatar, ko abokin jami'in, ko ɗan'uwan mamallakin gida, sai a miƙa lamarin ga wani wanda ba ya ƙarƙashinsa. Kowace hukuma ko kamfani mai riƙe da gidaje yana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida ta shafi ɗaya ko biyu, da ma'aikaciya mace da aka ɗora wa alhakin wannan aiki, da jerin lambobin DPO na yankin, cibiyar Salama da lauya, da horo na shekara-shekara wanda ya haɗa har da masu gadi, kafintoci da masu karɓar kuɗin haya, tun da su ne ke shiga gidajen.